Kafin Mota Mai Tuƙa Kanta Ta Shigo Ƙofar Mata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Ƙofar Mata da la'asar sakaliya, lokacin da 'yan kasuwa ke tashi, 'yan Islamiyya na komawa gida, ma'aikata kuma na sauka daga aiki, ya san irin gwagwarmayar da ake yi kafin a tsallake titi. Ga A Daidaita Sahu jere kamar tururuwa, ga mai kurar ruwa yana turawa da ƙarfin tsiya, ga ɗan dako da baro, ga tsoho da sanda yana ɗaga hannu ko Allah zai sa wani ya tausaya masa ya taka birki. A irin wannan wuri ne wasu daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai suka tsaya kwanan baya suna muhawara a kan motar nan da ake ta labari, wadda aka ce tana tuƙa kanta ba direba. Wasu suka yi dariya, suka ce ranar da ta shigo Kano ko Kurmi ba za ta kai ba za ta haukace. Wasu kuwa suka ce ai ita ce maganin duk haɗurran da ke cinye mu, tun da na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta amsa waya. Mu a namu ganin, ɓangarorin biyu duk sun yi gaggawar yanke hukunci, kuma sun tsallake babbar tambayar da ta fi kusa da mu.

Bari mu fara da abin da ya tabbata. Motar ba tatsuniya ba ce. A 2004 wata hukumar bincike ta sojan Amurka ta sa gasa a hamadar Mojabe, motoci 15 marasa direba suka tashi, ba wadda ta kai ƙarshe, wadda ta fi ƙoƙari ma ba ta wuce kilomita 12 ba. Shekara guda bayan haka, a 2005, motoci biyar suka kammala tafiyar, ta Jami'ar Sitanfod ta zo ta ɗaya. Kamfanin Google ya fara nasa aikin a 2009, wanda daga baya ya zama Waymo, kuma a 2020 ya buɗe wa jama'ar birnin Finis haya a motocin da ba kowa a kujerar direba. A ƙasar Sin ma kamfanin Baidu ya zuba irinsu a birnin Wuhan. Wato abin da ya gagara a hamadar da ba kowa, cikin shekara 16 ya kai ga ɗaukar fasinja a tsakiyar gari. Wanda ya ga wannan saurin bai kamata ya yi dariya ba.

Yadda take aiki kuwa ba sihiri a ciki. An kewaye ta da kyamarori, da rada, da wata na'ura mai harba haske tana auna nisan duk abin da ke gabanta. Kwamfuta ce ke tattara waɗannan bayanai, ta gwada su da taswirar da aka zana mata ta kowane titi, sannan ta yi hasashen abin da kowa zai yi nan da daƙiƙa kaɗan. Ita kwamfutar ba a haife ta da sani ba. An nuna mata miliyoyin hotuna ne, aka ce wannan mutum ne, wannan keke ne, wannan danja ce, har ta haddace. Abin da ba a nuna mata ba, ba ta san shi ba. A nan ne gizo ke saƙar.

A daren 18 ga Maris, 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber ta banke wata mata da ke tsallaka titi tana jan kekenta, ta mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi diddigi, ta fitar da rahoto a 2019. Abin da ta gano shi ne motar ta hango matar kusan daƙiƙa shida kafin ta buge ta, amma ta kasa tantance ko mene ne: ta ce mota ce, ta sake ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, ta sake ta ce keke ne. Dalili kuwa, waɗanda suka tsara ta ba su sa mata a lissafi cewa mutum zai iya tsallaka titi a inda ba a yi zanen tsallakawa ba. To, jama'a, mu tambayi kanmu: daga Mandawari zuwa Gwauron Dutse, daga Jakara zuwa Ƙofar Wambai, mutum nawa ne ke tsallaka titi a kan zane? Abin da injiniyan Amurka ya ɗauka kuskure ne da ba kasafai ake yi ba, shi ne tafiyar yau da kullum ta Bakano. Haka kuma a Oktoban 2023, a San Faransisko, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban motar kamfanin Cruise, ita kuma ta tsaya, sannan ta yi yunƙurin komawa gefen titi tana jan matar a ƙarƙashinta kimanin mita shida, domin ba ta san da mutum a wurin ba. Hukuma ta janye lasin kamfanin, kuma a ƙarshen 2024 uwar kamfanin ta daina zuba kuɗi a harkar.

Adalci ya wajaba, don haka mu faɗi ɗaya gefen. Alƙaluman da Waymo ya wallafa a 2025, bayan tafiyar fiye da mil miliyan 50 ba direba, sun nuna motocinsa sun fi direbobin 'yan Adam ƙarancin haɗarin da ke jawo rauni a titunan da suke bi. Ba mu da hujjar ƙaryata wannan. Amma a lura da sharaɗin: a titunan da suke bi. Tituna ne masu faɗi, masu zane, masu danja da ba ta mutuwa, waɗanda aka auna kowane taku nasu aka sa a taswira. Kuma sun iya cewa motarsu ta fi ɗan Adam ne saboda suna da cikakken lissafin haɗurran da ɗan Adam ke yi a waɗannan titunan, mil nawa aka yi, mutum nawa ya ji rauni, a wace mahaɗa. Da a ce gobe wani kamfani ya zo Gidan Gwamnati ya ce motarsa ta fi direban Kano, da wane ma'auni za mu gaskata shi ko mu ƙaryata shi? Wannan ita ce tambayar da muka ce an tsallake.

Gaskiya mai ɗaci ita ce ba mu san adadin matattunmu ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta ba da lissafin mutum 5,081 da suka mutu a titunan Nijeriya a 2023, da 5,421 a 2024. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a Nijeriya a 2016 sun kusa 40,000, alhali abin da aka rubuta a hukumance bai wuce 5,000 da 'yan kai ba. Wato a cikin kowane mutum takwas, ɗaya kaɗai ya shiga littafi. Ba sai mun je nesa neman dalili ba. Mu Musulmi ne, muna gaggauta jana'iza, kuma haka addini ya umarta. Yaron da A Daidaita Sahu ya buge da hantsi a cikin lungu, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, iyaye sun ce sun yafe, ba ɗan sanda, ba takardar asibiti. Wanda ya karye a kai shi wurin mai ɗori. Wanda ya cika bayan mako biyu a gida, ba mai haɗa mutuwarsa da titin da ya kayar da shi. Sai babban bala'i ne ke shiga jarida, irin gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa a Oktoban 2024 da ta ci fiye da mutum 150, ko motar 'yan wasan Kano da ta faɗa gada a hanyar Zariya a ƙarshen Mayun 2025, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, mutum fiye da 20 suka rasu gab da isowa gida. Na ɗaiɗai kuwa, waɗanda suka fi yawa, sai dai kukan gida.

Wani zai ce ai mutuwa ƙaddara ce, ƙirga ta ba zai dawo da kowa ba. Mun yi imani da ƙaddara, kuma ba wanda zai wuce kwanansa. Amma malamanmu na zaure ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana nufin barin sababi ba. Ƙasashen da suka rage mutuwa a titi ba motar sihiri suka jira ba, bincike suka yi. Injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel ɗin kujera mai maɗauri uku a 1959. Masu bincike sun gano cewa duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗari mai kisa da kimanin kashi huɗu cikin ɗari, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buga tana gudun kilomita 65 ya fi wanda aka buga a gudun 50 fuskantar mutuwa da ninki huɗu da rabi. A kan irin wannan sani ne majalisar Suwidin ta ɗauki manufa a 1997 cewa ɗan Adam dole ya yi kuskure, saboda haka titi ne za a gina yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. A 2019 birnin Oslo na Nowe ya shekara cur ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba, kuma direbobin nan mutane ne masu jini da tsoka kamar namu. Duniya baki ɗaya na asarar kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, haɗarin titi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ta Afirka, mai ƙarancin motoci, ita ce ta fi kowa yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a.

Yanzu mu dawo cikin badala. Birnin nan ba don mota aka tsara shi ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15 ya kafa Kasuwar Kurmi. An yanka lungunan ne daidai faɗin jaki da mangalarsa, an yi ƙofofin daidai raƙumi da kayansa. Titi a cikin gari wurin zama ne kamar yadda yake wurin wucewa: nan ake shimfiɗa tabarmar ɗaurin aure, nan ake kafa rumfar zaman makoki, nan sahun Juma'a ke malalowa, nan dawakin Hawan Daushe ke bi, nan yara ke buga ƙwallo. Direban Kano yana ratsa wannan duka da wani harshe da ba a rubuta ba. Ya haɗa ido da mai tsallakawa ya gane ko zai tsaya, ya ɗaga wa dattijo hannu, ya san cewa inda akuya ta gifta 'yarta na biye, inda ƙwallo ta gangaro yaro na biye. Ba mu ce direbobinmu waliyyai ba ne, asibitin Murtala da na ƙashi na Dala shaida ne a kansu. Abin da muke cewa shi ne wannan sanin ba ya cikin kwamfutar da aka horar a Kalifoniya. Ba ta taɓa ganin mai kura ba, ba ta san babbar riga ko hijabi har ƙasa ba, ba ta san hazon hunturu da ke rufe ido ya toshe kyamara ba. Wani bincike na Jami'ar Fasaha ta Jojiya a 2019 ma ya nuna cewa wasu manhajojin gane mutum a titi sun fi kuskure a kan masu baƙar fata. Abin da ya shafe mu ne kai tsaye.

Akwai hatsari na biyu da ya fi ba mu tsoro. Idan na'ura ta kasa fahimtar gari, masu kuɗi da masu mulki sukan zaɓi su gyara garin ya dace da na'urar. Mun riga mun ga alama tun kafin ta iso. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta. An yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa, an haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, duk don mota ta wuce ba tsayawa, tsohuwar da ke son tsallakawa kuwa sai ta yi ta Allah. Idan muka ci gaba da auna ci gaba da saurin mota, ranar da mai tuƙa kanta ta zo za a ce mai talla ya tashi, mai kura ya kauce, a kafa shingen ƙarfe tsakanin unguwa da unguwa, a mai da mai tafiya a ƙasa mai laifi a ƙofar gidan ubansa.

Kada kuma mu yi zaton abin yana da nisa. Mu ba sabuwar mota muke saye ba, ta hannu muke jira ta biyo ta Kwatano bayan ta shekara goma a wani wuri. Tun yanzu akwai motoci a titunanmu masu taka birki da kansu, masu gargaɗi idan an kauce layi. Idan gilashi ya fashe aka sa wani a Ƙofar Ruwa, wa ke sake daidaita kyamarar da ke maƙale a jikinsa? Idan fitilar gargaɗi ta dami mai mota, abin da aka saba shi ne a ce wa bakanike ya cire wayar. Ta wannan ƙofar fasahar za ta shigo mana, rabi a raye rabi a mace, kuma binciken da aka yi a ƙasashen da suka ƙera ta ya nuna cewa matakin da ya fi hatsari shi ne wanda mota ke yin rabin tuƙi, direba ya saki jiki, sai a daƙiƙar ƙarshe ta miƙa masa sitiyari. Ma'aikaciyar da aka zaunar a motar Tempe don ta sa ido, wayarta take kallo.

Sai maganar alhaki, wadda ɗaliban shari'a ya kamata su fara nazari tun yau. Duk wanda ya karanta Risala a gaban malami ya san hukuncin Malikiyya cewa mai kora dabba, da mai jan ta, da mahayinta, su ke da lamunin abin da ta taka. Magabata sun yi tunanin abin hawan da ke da nasa motsi, suka ɗora alhakin a kan mutumin da ke iko da shi. To idan ba mahayi ba mai ja, diyya a wuyan wa take? Mai motar, ko kamfanin da ya rubuta manhajar yana can bayan teku, ko dillalin da ya shigo da ita? A Amurka ma'aikaciyar aka gurfanar, kamfanin bai fuskanci tuhumar laifi ba. Birtaniya kuwa ta yi doka a 2024 da ta ɗauke laifin tuƙi daga fasinja ta ɗora wa kamfanin da aka ba izini. Mu ba mu ce komai ba tukuna, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada mu manta da masu ci da tuƙi. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, dubban samari sun koma A Daidaita Sahu, kuma gidaje da yawa a cikin gari da balas ɗin yamma ake ɗora tukunya. Duk wanda zai yi mana maganar mota ba direba, sai ya haɗa da bayanin inda waɗannan za su nufa.

Me ya rage mana, mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata? Aikin da ba ya bukatar dala ko ɗaya. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi sassan nazarin ƙasa, injiniya, likitanci da shari'a na Jami'ar Bayero su haɗa hannu a kan bincike guda: a ɗauki ƙofofin gari da manyan mahaɗu, a raba wa 'yan ajin ƙarshe, kowa ya zauna da littafi ya ƙirga abin hawa, ya auna gudu, ya rubuta inda ake tsallakawa da lokacin da ake yi. A nemi izinin duba rajistar sashen gaggawa na asibitoci, a ɓoye sunaye, a fitar da wuri da lokaci da irin abin hawa. A je wurin masu unguwanni da limamai da masu ɗori, domin su ne ke da labarin da bai kai ofis ba. Abokanmu da ke aiki a Karota, wadda aka kafa a 2012, da Hukumar Kiyaye Haɗurra, da ma'aikatar ayyuka, su matsa a yi takardar rahoto iri ɗaya, a kuma buga sakamakon kowace shekara kowa ya gani. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya tana nan tun 1986, tafiyar sa'a biyu ce. Idan taswirar ta fito, za ta nuna wurare ƙalilan da ke cin rayuka da yawa, kuma maganinsu sananne ne: tudun rage gudu a gaban makaranta, fitila da dare, tsibiri a tsakiyar titi inda tsoho zai tsaya ya huta, da iyakar gudun kilomita 30 a cikin badala, kamar yadda taron ministocin duniya na Sitokholm ya ba da shawara a 2020 ga duk inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Iyayenmu sun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan baki ɗaya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama a rana ɗaya, bayan an daɗe ana wayar da kan jama'a a rediyo da tashoshin mota. An yi shiri ne, shi ya sa aka iya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Idan muka yi wannan lissafi, ko motar nan ta zo ko ba ta zo ba mun tsirar da rayuka, in kuma ta zo za ta tarar da mutanen da ke da ma'aunin da za su gwada ta da shi, su ce mata ga sharaɗin shiga garinmu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu ta wannan hanya, ya ba masu jinya lafiya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.